Gudun famfalaki: kowa da abin da ya fito da shi

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar asuba a Maraɗi, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya san su. Samari uku-uku ko huɗu-huɗu a gefen kwaltar da ta nufi Tibiri, wasu suna zagaya filin wasa, ga wani dattijo can shi kaɗai da hular sanyi yana sassarfa. Yawancinsu kilomita biyar ko takwas suke yi su koma gida su yi wanka su kama harkokinsu. Amma a cikinsu akan sami wanda ya ƙudurta abin da ya fi haka nisa, wato gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada ƙanin wani: kilomita 42 da mita 195. A filin da zagayensa mita 400 ne, sau 105 da rabi ke nan. Tsawon ya samo asali ne daga wasannin Olamfik na Landan a 1908, aka tabbatar da shi a 1921, kuma har yau ba a rage masa ko taku ɗaya ba.

Tambayar da ƴan fada ke jefa wa irin wannan mutum ita ce, "Wai wa ya koro ka?" Tambayar tana da ma'ana, don Bahaushe ya ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mai gudun famfalaki yana da nasa sa gudun, sai dai a ƙirjinsa yake. A 1993 wasu masana uku a Amurka, Masters da Ogles da Jolton, sun tsara tambayoyi 56 don gano abin da ke fito da masu wannan gudu, suka kasa dalilan gida huɗu: lafiyar jiki, son cim ma wani buri, zumunci da neman yabo, sai kuma kwanciyar hankali. Rabon ya yi daidai da abin da ake gani a nan. Abin da ya fi damuna shi ne, kowane dalili yana tafe da irin kuskurensa. In ka san abin da ya fito da mutum, kusan ka san inda zai ji ciwo.

Kafin a shiga dalilan, sai an fahimci abu ɗaya game da jiki. Tsoka da hanta suna ajiye sukari da bai wuce giram 400 zuwa 500 ba, abin da ya kai kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 2,000 ko kusa da haka. Gudu kuma yana cin kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita. Mai kilo 65 zai ƙona sama da 2,700 kafin ya kai ƙarshe. Rumbun bai kai bukatar ba. Shi ya sa tsakanin kilomita ta 30 da ta 35 ake ganin mutumin da ke tafiya lafiya lau ƙafafunsa sun yi nauyi kamar an ɗaura masa turmi, kansa ya yi fayau, ya koma tafiya yana jan ƙafa. Turawa suna kiran wurin bango. Jiki yana da kitse mai yawa da zai iya ƙonawa, amma kitse wuta ce mai ci a hankali, ba ta ɗaukar sauri. Duk horon famfalaki koya wa jiki ne ya riƙa haɗawa da kitse tun da wuri, ya yi tattalin sukarinsa.

Da yawa cikin manyan da ke fara gudu, likita ne ya tsorata su. An auna an ce hawan jini, ko suga ta fara hawa, ko tumbi ya hana ɗaure takalmi. Wannan dalili ne mai kyau, amma gaskiyar da ya kamata a faɗa musu ita ce lafiya ba ta bukatar kilomita 42. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na matsakaicin motsa jiki ta ce a mako, wato rabin awa sau biyar. Mai neman rage ƙiba ma ya yi lissafi: kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700, gudun famfalaki gaba ɗaya bai ƙona rabin wannan ba. Ƙiba a kwanon tuwo take raguwa, gudu taimako ne. Kuskuren masu wannan dalili shi ne haɗa abu biyu da ba sa haɗuwa: su ƙara nisan gudu, su kuma rage abinci sosai a lokaci guda. Bayan mako biyar ko shida sai kasala, barci ya lalace, mura ta ƙi tafiya, ƙashin ƙwauri ya fara zafi a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da ɗan yatsa. Wannan zafin na wuri ɗaya alamar tsagewar ƙashi ce, kuma hutun mako shida zuwa takwas yake ci. Mai nauyi ya fara da tafiya da sauri, sannan gudun minti ɗaya tafiyar minti biyu, har wata uku, a kan jar ƙasa maimakon kwalta. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko suga, ko aka taɓa samun wanda ya faɗi ya mutu farat ɗaya a danginsu, ya je a duba zuciyarsa tukuna. Haka mai ɗauke da jinin sikila, ko da bai taɓa ciwo ba, ya san matsayinsa, domin zafi da ƙishirwa da gudu mai tsanani suna iya tayar masa da abin da ke kwance. Mai shan maganin suga kuma ya tambayi likita yadda zai daidaita shi da dogon gudu, don suga tana iya faɗuwa a hanya.

Akwai samarin da shirin shiga soja ko jandarma ya fito da su. Gwajin ya wuce, an ɗauka ko ba a ɗauka ba, amma jiki ya riga ya saba, sai su ci gaba. Waɗannan suna da ƙarfi da juriya, matsalarsu guda ce: gudu ɗaya suka sani, na ƙure kai. Kullum sai an yi tsere, kullum sai an dawo ana haki. Famfalaki kuwa kashi huɗu cikin biyar na horonsa a hankali ake yinsa, a saurin da za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba ka yanke ba. In ba ka iya gaya masa abin da ka ci jiya da dare a numfashi ɗaya, ka yi sauri da yawa. Da wuya saurayi ya yarda da wannan, don yana ganin kamar wasa ne. A wannan gudu na sannu ne ƙananan jijiyoyin jini ke yawaita a tsoka, agara ke ƙarfi, jiki ke koyon cin kitse.

Dalilin da ya fi kowane yawa, ko da ba a faɗa, shi ne mutum ya nuna wa kansa da mutane cewa zai iya. Ba abin kunya ba ne. Maraɗi, garin da ya ba filin kokowarsa sunan shahararren ɗan kokowa Kantu, ya san daɗin a kira sunan mutum a gaban jama'a. Wani an raina shi tun yana yaro, wani ya faɗi jarrabawa, wani kasuwa ta karye masa, yana neman abu guda da zai fara ya gama da ƙafarsa, ba da alfarmar kowa ba. Abebe Bikila na Habasha da ya ci gudun Olamfik na Rum a 1960 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya sake ci a Tokyo a 1964, har yau shi ake tunawa in ana wannan magana. Sai dai mai gudu don a gani shi ne ya fi kowa faɗawa ramin farko, wato tashi da wuta.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya yi horon da zai kai shi a awa huɗu da rabi, wato minti 6 da daƙiƙa 24 a kowace kilomita. Ranar gudu ga jama'a, ga kiɗa, jiki ya huta, sai ya ji minti 5 da daƙiƙa 40 kamar ba ya komai. Ya yi kilomita goma a haka, ya ga ya ci ribar minti bakwai, ransa ya yi fari. Abin da bai sani ba, wannan ɗan ƙarin sauri sukari zalla yake ci. Rumbun da ya kamata ya kai shi kilomita ta 35 sai ya ƙare a ta 27. Sauran kilomita 15 zai yi su a minti tara ko goma kowace, ribar minti bakwai ta koma asarar minti talatin ko fiye, ga ɗaurewar tsoka a cinya da sha-raɓa. Maganin shi ne lissafi tun a gida. A yi gwajin rabin famfalaki, kilomita 21 da mita 100, mako biyar ko shida kafin ranar. A ninka lokacin biyu, a ƙara minti 20 zuwa 30 in karon farko ne. Wanda ya yi rabin a awa biyu, ya sa ran awa huɗu da minti 20 zuwa huɗu da rabi. Ya rubuta saurin a bayan hannunsa, kilomita biyar na farko ma ya yi su ƙasa da haka kaɗan, ya bar duk mai wucewa ya wuce. Da yawansu zai same su a gaba suna tafiya.

A nan ne kuma ƙwaya ke shigowa, kuma dole a faɗe ta da sunanta. Wanda ke tsoron jin kunya a gaban abokai shi ake ruɗa da tramol, a ce masa ba zai ji gajiya ba. Gajiyar tana nan, jinta ne kawai aka kashe, kuma jin zafi shi ne ƙararrawar da ke hana mutum kashe kansa. Ga jiri, ga amai, ga farfaɗiya da yake iya tayarwa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024. Har magungunan ciwon jiki da ake ganin ba komai, irin ibuprofen da diclofenac, bai kamata a sha su kafin dogon gudu ba. Lokacin gudu jinin da ke zuwa ƙoda yana raguwa, ga ƙarancin ruwa, su kuma suna ƙara matse shi.

Masu neman kuɗi su ma suna nan, kuma ban ga laifinsu ba, don ana jin irin kyautar da ake bayarwa a gudun Legas da aka fara a 2016. Amma a dubi waɗanda ke cinyewa: kusan kullum ƴan Kenya da Habasha ne. Suna horo a wurare irin Iten a Kenya, mai tudun mita 2,400 sama da teku, suna yin kilomita 160 zuwa 200 a mako, shekara da shekaru. Marigayi Kelvin Kiptum ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023. Ma'anarsa kowane zagayen fili a daƙiƙa 68 ko 69, sau 105 ba tsayawa. Saurayin da ke ganin yana da baiwa ya je fili da agogo ya gwada zagaye biyu a haka. In yana ƙasa da shekara 20, shawarata ya bar famfalaki tukuna, ya gina sauri a mita 1,500 da 5,000 da kilomita 10. Wanda bai sauko kusa da minti 31 a kilomita 10 ba, kuɗin gasa ba nasa ba ne tukuna, kuma shiga famfalaki da wuri sauri yake cinyewa.

Akwai dalilin da ba a cika faɗinsa a fada ba. Mutum ya yi rashi, ko aure ya mutu, ko zaman banza ya ishe shi, ko yana ƙoƙarin rabuwa da taba ko ƙwaya. Ya gano cewa in ya yi awa guda yana gudu, tunanin da ke cinsa yana lafawa, dare ya yi ya sami barci. Wannan gaskiya ne, kuma ina girmama masu wannan dalili fiye da yadda zan iya faɗa. Su ne ba sa fashi, ko ana hazo ko ana sanyi. Haɗarinsu kuma daga nan yake: ba sa iya hutu, domin ranar hutu ita ce ranar da tunani ke dawowa. Jiki kuwa ba a lokacin gudu yake ƙaruwa ba, a lokacin hutu ne yake gyara abin da gudu ya yaga. Kwana huɗu a mako sun isa, biyar in an daɗe ana yi. Akwai gwaji mai sauƙi: da farkawa, kafin a tashi daga shimfiɗa, a ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya. In ya haura abin da aka saba da bugu bakwai zuwa goma kwana biyu a jere, ranar ta tafiya ce kawai. Irin wannan mutum ya fi kowa bukatar abokin gudu, wanda zai ce masa, "Yau dai mu taka a hankali, ɗan'uwa." In kuma baƙin cikin ya kai ga ƙin abinci ko tunanin cutar da kai, gudu bai isa ba, sai an haɗa da likita da wani babba da aka yarda da shi.

Mata suna da duk waɗannan dalilai, da ƙarin guda: samun awa ɗaya da ta zama tasu. An daɗe ana hana su a ko'ina. A 1967 wani jami'i ya yi ƙoƙarin fizge lambar gasa daga rigar wata mai gudu, Kathrine Switzer, a tsakiyar gudun Boston, kuma sai a 1984 aka sa famfalakin mata a Olamfik. A 2024 Sifan Hassan ta ci na Paris, ta karɓi zinarenta da ɗankwali a kanta. Sutura ba ta hana gudu, in dai yadin marar nauyi ne mai sakin zufa, mai haske, ba baƙi mai kauri ba. Abin lura ga mace shi ne ƙarancin jini. In ta ga haki ya ƙaru a saurin da ta saba, ga jiri, a auna jininta, ta ƙara hanta da wake da zogale. In al'ada ta ɗauke wata biyu ko uku ba ciki, abinci ne bai kai aikin ba, kuma ƙashi ne zai biya. Su fita su biyu ko uku, a hanyar da aka sani.

Wasu kuma don wani suke gudu, su tara taimako ga marayu ko marasa lafiya. Gudun Landan da aka fara a 1981 ya tara sama da fam biliyan ɗaya ta wannan hanya. Mai irin wannan niyya yakan ƙi tsayawa ko da jiki ya ce a tsaya, don yana jin nauyin alkawari.

Ko wane dalili ne, kalandar Maraɗi ɗaya ce ga kowa. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ba lokacin dogon gudu ba ne. Damina kuma da zazzaɓin cizon sauro take zuwa, kuma ba a gudu da zazzaɓi ko kaɗan. Bayan an gama magani a ba jiki aƙalla mako guda, a dawo da rabin abin da aka saba. Lokacin da ya dace shi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu, mako 16 zuwa 18, ga wanda ya riga ya yi wata shida yana kilomita 25 zuwa 30 a mako. Dogon gudu sau ɗaya a mako, a fara da kilomita 14, a riƙa ƙara biyu, kowane mako na huɗu a rage kashi ɗaya cikin uku. Mafi tsawo kilomita 30 zuwa 32, saura mako uku, daga nan sai ragewa har ranar. In azumi ya faɗo a ciki, a mayar da gudu bayan buɗa baki da awa biyu, a rage nisa. Ya fi kyau a zaɓi zagaye na kilomita biyar kusa da gari a ajiye ruwa a wuri ɗaya, da a miƙe cikin daji da duhu. A kan kwalta a bi hannun hagu, ana fuskantar motoci, da riga mai haske.

Ruwa kuwa kowa ya auna nasa. A hau sikeli kafin gudun awa ɗaya da bayansa. Kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta zufa, a haɗa da abin da aka sha a hanya. Yawanci rabin lita zuwa lita ɗaya saura kaɗan a awa ya isa, wato leda ɗaya ko ɗaya da rabi, a kurɓa kaɗan-kaɗan. A hunturu zufa tana bushewa nan take, mutum ya zaci bai yi ba, sai ya ga farin gishiri a goshinsa da wuyan rigarsa. Shan ruwa zalla fiye da kima shi ma haɗari ne, yana tsarma gishirin jini har mutum ya rikice. A lita ɗaya a jefa ƙwayar sukarin kwali goma da rubu'in ƙaramin cokali na gishiri. Daga minti na 40 a fara cin wani abu, dabino shida zuwa takwas a awa, mai laushi, an cire ƙwallon tun a gida, don busasshe ba ya tauno ana haki. Duk wannan a gwada shi a dogon gudu na horo. Ranar gasa ba a sabon abinci, ba a sabon takalmi. Takalmin ya fi ƙafa da faɗin babban yatsa, don ƙafa tana kumbura, in ba haka ba farce ya yi baƙi ya fita. In na gwanjo ne a murɗa shi a duba. Wanda tafinsa ya cinye gefe ɗaya ko ya lanƙwashe kamar tsumma ya gama aiki. A shafa man basilin a matsematsi da hammata, maza su manna filasta a kan nono.

Wanda zai je Legas ya san cewa ya yi horo a busasshen sanyi, zai yi gudu a zafi mai laima, inda zufa ke zuba ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa. Mako biyu na ƙarshe ya mayar da wasu gajerun gudunsa zuwa hantsi don jiki ya saba, kuma ya ƙara daƙiƙa 15 zuwa 20 a lissafin kowace kilomita. In aka ga mai gudu yana tangaɗi, yana magana ba kan gado, bai san inda yake ba, zafi ne ya bugi ƙwaƙwalwa. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi, ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, ana fifita, tun kafin mota ta zo. Ba a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki.

Bayan an gama, kwana biyu ko uku saukowa daga matakala sai da dafa bango, wannan ba komai ba ne. Mako na farko tafiya kawai, na biyu gudun minti 20 zuwa 30 a hankali, kada a koma horo sosai kafin mako uku ko huɗu. Mutane da yawa sukan ji wani irin sanyin jiki a kwanakin nan, abin da suka yi wata huɗu suna tashi dominsa ya wuce; yana taimakawa a riga an sa ranar wani ɗan gudu na kilomita 10 tare da abokai nan da wata biyu. Fitsari ya kamata ya washe cikin yini guda in ana shan ruwa. In ya fito baƙi-baƙi kamar shayin farko, ko ya ƙi fitowa, ga ciwon tsoka mai tsanani da kumburi, a tafi likita a ranar, a gaya musu nisan da aka yi, a ce a duba ƙoda.